Saniyar da Ta Riƙe Kawu a Gobir

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani ɗan'uwana mai fataucin albasa da tafarnuwa tsakanin kasuwanninmu da Nijar. Shi ya san hanya, ni kuwa saƙo na ɗauko. Inna ce ta aike ni ƙauyenmu, can gaba da Sabon Birni wajen iyaka, in taho mata da yayanta, Kawu, tun 'yan bindiga ba su iso ƙofarsa ba. Sun riga sun shiga ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ga hawan jini yana damunsa, ga ɗakin shan maganin garin an rufe shi tuntuni. An aika masa dattawa ya ƙi, an aika malamai ya ba su shayi ya sallame su. Inna ta ce ni kaɗai na rage, tunda ni da shi muna da wani yare namu da ba mai ji, kuma hutuna ya kusa ƙarewa.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a wannan shafi sun san ina karatun likitan dabbobi a Kaunas, ƙasar Lituweniya. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne Kawu ya jefa ni wannan hanya. Shi ma likitan dabbobi ne, ya yi ritaya. A Zagreb ya yi karatu zamanin ana kiran ƙasar Yugoslabiya, ya dawo da takardar shaida da kuma wani ciwo marar magani, wato tonon asalin kalmomi. Makon da na sauka Kaunas sai da ya hau tudun bayan gari, inda ake kama layin wayar Nijar, ya kira ni. Bai tambaye ni sanyi ba, bai tambaye ni abinci ba. Cewa ya yi, "Mi suka ce ma saniya can?" Na ce karvė. Ya yi ta dariya har layin ya katse. Da ya sake samuna ya ce su a Zagreb krava suke cewa.

Daga ranar muka samu abin yi. In na ce kai galva ne, ya ce glava. In na ce gemu barzda, ya ce brada. Hankaka a wurina varna, a wurinsa vrana. Ya ce harsunan biyu daga tsatso ɗaya suka fito, mutanen Lituweniya suka riƙe kalmomin yadda kakanni suka bar su, na kudu kuma suka juya haruffa, kamar yadda wani zai ce bagaruwa wani ya ce gabaruwa. Wallahi rabin Lituweniyancin da na iya don kada in ji kunya a wayar Kawu na koye shi, malaman makaranta su yi haƙuri.

To, mu koma hanya. A tasha muka tarar kuɗin mota ya ninka abin da na bari, direba kuma bai ko saurari ciniki ba. Ya ce wanda ke son araha ya bi ta dajin Gundumi da ƙafarsa, shi dai ta Goronyo zai zaga. Aka cusa mu cikin bas, ni a maƙale tsakanin buhun gishiri da wani dattijo mai ɗauke da zakara, wanda ya yi ta caccakar igiyar takalmina har muka rabu. Damina ta yi kyau a idon mai wucewa. Gero ya yi tsayi ya yi duhu, ruwa ya kwanta a fadamu, mata na ta tsinkar yakuwa a bakin titi. A Goronyo muka tsaya muka sha kunu da ƙosai mai zafi, ɗan'uwana ya sayi busasshen kifi ya ce tsarabar Kawu ce, amma kafin mu isa ya cinye rabi.

Bayan Goronyo ne motar ta yi tsit. Ba wanda ya ce a yi shiru, kowa dai ya maida wayarsa aljihu ya sa ido a daji. Shingen jami'an tsaro ya yawaita, kowane da tayoyi da buhunan yashi. Na lura gonakin da aka nome na bakin titi ne da na gindin gari. In ka ɗaga ido can nesa sai ka ga sabara da ciyawa sun cinye wuraren da na sani da dawa tun ina yaro. Muka wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, rumbuna ba jinka, ba ko kaza. Dattijon da ke gefena ya ce garin matarsa ne.

Sabon Birni ta cika ta batse da mutanen da ba nata ba. A barandar shaguna, a harabar makaranta, ko'ina tabarmi ne da tukwane da tsofaffi zaune suna kallon hanya. Ni kuwa tun daga Kaunas nake mafarkin hura da nono na garin nan, don haka na ja ɗan'uwana zuwa gindin icen da Fulani mata ke zama da ƙoransu. Ba ko ɗaya. Wata Bagobira ce a wurin da bokitin roba, tana dama hura da madarar gari da aka bari ta yi tsami. Na tambaye ta ina masu nono, ɗan'uwana ya taka mini ƙafa. Da muka matsa ya ce irin wannan tambaya ba a yin ta da ƙarfi yanzu. Na sha hurar don kada kuɗina su tafi a banza, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Daga nan kabu-kabu muka hau. Masu baburan suka ƙi bin hanyar da na sani, suka zaga da mu ta gefen Alkalawa, tsohuwar fadar Gobir, inda yanzu sai tudun ƙasa da gonaki da 'yan gidaje. Ina yaro Kawu ya taɓa kawo ni nan ya nuna mini inda ganuwa ta bi. Wannan karon ko rage gudu ba mu yi ba.

Mun sami Kawu a zaure yana gyaran igiya. Ya rame, tsagen Gobircin fuskarsa ya nutse cikin tamoji, amma muryar tana nan. Yana ganina ya ce, "Sine." Wato ɗana, da harshen Zagreb. A can ɗa sin ne, amma in kiransa za ka yi sai kalmar ta sauya wutsiya ta koma sine. Haka Lituweniyanci yake, ɗan'uwa brolis ne, in ka kira shi ka ce broli. Duk harsunan biyu suna yi wa suna sauyi har kala bakwai, gwargwadon aikin da yake yi cikin magana, kuma wannan ne ya kusa korata daga makaranta a shekarar farko. Kawu ya kan ce shi abin ya burge shi, mutane su ware wa kiran ɗan'uwansu siffa ta musamman. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina ya ce na yi fari kamar wanda aka ɓoye a rumbu.

Ban ɓata lokaci ba. Bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka da matar maƙwabcinsa ta aiko, na isar da saƙon Inna. Sai ya miƙe ya ce in biyo shi. A bayan gida, ƙarƙashin rumfar kara, wata jar saniya ce mai farin goshi a ɗaure, ɗan maraƙinta na tsalle a gefe. Ta yi ƙiba tana sheƙi, a garin da mutane ke ramewa.

"Ga Wule," in ji Kawu. "Ita ta hana ni zuwa. Ba tawa ba ta, haɓɓanaye ta."

Ga waɗanda ba su san haɓɓanaye ba: al'adar Fulani ce. In mutum ya rasa dabbobinsa, amininsa ya zaɓi karsana mai kyau daga garkensa ya ɗaura masa. Zai riƙe ta ya sha nononta har ta haifi maruƙa uku, 'ya'yan nasa ne, sa'an nan ya mayar da uwar ga mai ita. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ba wani ya riƙe. Kawu, da yake ba ya barin kalma ta wuce shi, ya ce daga kalmar Fulatanci ta ɗaurewa aka samo sunan. Lokacin da ɓarayi suka kwashe 'yan shanun Kawu, wani Bafulatani mai suna Sambo, wanda Kawu ya shekara da shekaru yana yi wa garkensa allura, shi ya jawo Wule da kansa ya ɗaure ta a turken nan. Ba a daɗe ba shi ma aka kore garkensa kakaf. Daga baya masu ramuwar gayya suka fara bin duk wani Bafulatani, mai laifi da marar laifi, Sambo ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Nijar, ba ko sallama. Wule kuwa haihuwa ɗaya ta yi.

Na ce a bar ta wurin maƙwabci, ya ce ba a yi. Na ce a sayar a ajiye wa Sambo kuɗinsa, ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Na ce to mu sa ta a mota mu tafi da ita Sakkwato, ya ce in Sambo ya komo ya ga turke wayam, me zai ɗauka? Raina ya ɓaci, na ce Kawu, yanzu saboda dabba za ka bari a kashe ka? Ya ce ashe kuɗin makarantata asara aka yi, tunda likitan dabbobi ke faɗin haka. Na juya na koma zaure, don in na ƙara magana rashin kunya za ni yi.

Da la'asar muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ɗora shayi, ya koma kan abin da ya fi so. Ya ce in sa hannu a aljihuna. A Zagreb, in ji shi, aljihu džep ne, almakashi kuma a wurin mutanen Sabiya da Bosniya makaze, sana'a zanat. Duk Larabci ne. Turkawa suka kai musu ta can, mu kuma fatake da malamai suka kawo mana ta hamada, kalmomin suka rabu ɗaruruwan shekaru, sai ga su sun haɗu a bakin wani Bagobiri a ɗakin ɗalibai. Ya ce ranar da ya gane haka bai iya karatu ba don murna. Su uku ne a ɗakin, shi da wani ɗan Sabiya da wani Musulmi ɗan Bosniya, mai gidan kuma tsohuwa ce 'yar Kuroshiya. Ita burodi kruh take cewa, ɗan Sabiya ya ce hleb, su yi ta tsokanar juna a kan tebur suna cin burodin tare.

"Harshe guda na koya," in ji Kawu. "Da sunka yi yaƙi sunka raba ƙasa, anka ce mini yanzu huɗu na iya, ban ƙara ko shafi guda ba."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce bayan yaƙin ya rubuta wa abokan nan biyu, ba wanda ya amsa, har yau bai san ko suna raye ba, bai san ko ɗaya ya ɗauki bindiga a kan ɗaya ba. Ya ce abin da aka gaya masa shi ne a lokacin kalmar da ka kira burodi da ita tana iya nuna ko kai wane ne a bakin shinge. Sai ya nuna hanyar kasuwa da haɓa, ya ce yanzu a nan ma Bafulatanin da ya shigo gari ba ya yarda a ji Fulatanci a bakinsa, ko gaisuwa ce. Ya ce wancan karon yana nesa, ba abin da ya iya yi. Wannan karon igiyar tana hannunsa.

Nan na gane ba gardama za ta fitar da Kawu ba, sai an samo Sambo. Ɗan'uwana ya ce in akwai wanda ya san inda kowane makiyayi ya faɗa, to wani dillalin shanu ne a Isa. Ranar kasuwa muka koma Sabon Birni muka shiga motar Isa, tare da wasu mata 'yan Kamarawa da suka je dubiya suna komawa, suna ta lissafa garuruwan da 'yan bindiga suka sa wa harajin noma. Isa tana nan da ofisoshinta da bas-bas masu kiran Sakkwato, gero da dawa a kasuwa sun yi tsadar da mai sayarwa ma yake jin nauyin faɗin farashi. Kara kuwa, wato kasuwar shanu, inda da ba ka jin maganar na kusa da kai don kukan shanu, yanzu 'yan awaki ne da tumaki da wasu bijimai da ba su kai a kira su garke ba.

Dillalin yana zaune a kan benci yana cin goro. Da na ambaci Sambo sai ya daina tauna. Ya tambaye ni ko ni wane ne, na ce ɗan ƙanwar Likita ne. Ya ce, "Allah shi jiƙan Sambo. Tun farkon damina ya rasu, can wani ƙauye bayan iyaka. Ba harbi ba na, kwanciya ɗai yay yi bai tashi ba." Ya ce matarsa, wadda kowa ke kira Dada, tana nan da jikoki a bukkokin 'yan gudun hijira. Ya kwatanta wa ɗan'uwana wurin, ya gane shi, don yana bi ta nan da albasa.

Ba zan ɓoye muku ba, a motar komawa baƙin ciki da sauƙi suka haɗu a raina. Na san Sambo, ya sha ba ni kindirmo ina yaro. Amma wani gefe na zuciyata yana cewa yanzu Kawu ba shi da wanda zai jira.

Na gaya wa Kawu. Ya ɗauki buta ya yi alwala, ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ce yanzu Wule ta marayu ce, kuma su suka fi shi bukatarta, don haka ba zai jira haihuwa uku ba, za mu kai musu ita har da maraƙin. Na ce in mun kai fa? Ya ce, "In na miƙa igiyag ga, za ni bin ka Sakkwato." Na kira Inna daga kan tudu na ce ta kwantar da hankalinta.

Da sassafe muka kama hanya a ƙasa, don ba motar da za ta ɗauki saniya ta bi wannan daji. Ɗan'uwana a gaba, Kawu da sandarsa da igiya, ni a baya ina fama da maraƙi, wanda ya mayar da ni abin wasa. Muka bi ta cikin gero, muka ratsa wani rafi da ruwa ya kai gwiwa. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya tsaya ya kalle mu, don an daɗe ba a ga mutum yana jan saniya a fili haka ba. Ina jin tsoro, ba na musu, ko kara ya motsa sai in waiwaya. Kawu kuwa yana tafe yana haki yana yi wa Wule magana da ɗan Fulatancin da ya iya. Sau da yawa muna tsayawa ya huta. Iyakar ma ban san mun tsallake ta ba, sai da muka sayi ruwa mai shagon ya faɗi kuɗin da sefa, na kuma ji yara suna cewa za su lakwal, wato makaranta.

Bukkokin suna bayan ƙauyen, na kara da leda, a kan wani fako da ko ciyawar kirki babu. Aka nuna mana ta Dada. Tsohuwa ce siririya, tana zaune tana tsince tsakuwa daga ɗan geron da ke faifai. Ba mu ta fara gani ba. Ta ajiye faifan ta miƙe, ta kira sunan saniyar da wata irin murya da ban taɓa ji ba, Wule ta fizge igiya daga hannun Kawu ta nufe ta. Dada ta rungume wuyanta ta kifa fuska a jikinta. Mu dai muka tsaya daga gefe.

Da ta natsu aka shimfiɗa mana buhu, Kawu ya yi ta'aziyya, suka yi kuka su biyu ba mai jin kunyar wani. Ta ce uwar Wule da kakarta duk a garkensu aka haife su, tun shanun da uban Sambo ya bar masa. Duk zuriyar nan ba wadda ta rage sai ita, ita ma don tana gidan Bahaushe ne. Sai ta ɗauko ƙwarya ta wanke, ta saki maraƙin ya ɗan tsotsa, ta janye shi ta durƙusa ta yi tatsa. Ta ba jikokinta, ta ba mu. Da ɗuminsa na sha, ina sha hawaye na zuba cikin ƙwaryar.

Kawu ya miƙe ya ɗauki igiyar da hannu biyu ya miƙa mata. Ya ce ga amanar Sambo, da ita da ɗanta, Allah ya sa musu albarka. Dada ta dubi igiyar ba ta karɓa ba.

"Sau nawa ta haihu, Likita?"

"Guda."

"To ba ta ƙare ba. Shi yac ce uku, ni ba ni tashe maganatai don ya mutu." Ta nuna fakon da hannu. "Kuma dibi wurin ga. Mi za ta ci? In ta kwan nan, kahin wata shi ƙare ko an sace ta ko yunwa ta sa mun sai da ta. Gidanka ɗai ta tsira. Riƙe muna ita har mu komo gida."

Na buɗe baki za ni magana, ɗan'uwana ya riƙe mini hannu. Me ma zan ce? In ce wa matar da ta rasa miji da garke da gida ta karɓi saniyarta don ni in samu in cika wa Inna alkawari? Na dubi Kawu ina roƙonsa da ido. Ya gan ni sarai. Ya naɗe igiyar a hannunsa ya ce, "Na riƙe, Dada."

Muka kamo hanyar gida. Ni haushi ya cika ni, na Dada, na Kawu, na Sambo da ke kabari, har na saniyar da ke tafe tana fizgar ciyawa hankalinta kwance. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu ya fi ƙarfin tafiya a komowa, ko hutu bai cika nema ba. Da muka isa ya ɗaure ta a turkenta, ya zuba mata dusa, sa'an nan ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce ya san ya saɓa mini, in ba Inna haƙuri. Ya ce in an wayi gari mutanen Dada sun komo, dole su tarar da wani abu nasu a garin nan da ba a ci ba, ba a ƙone ba, in ba haka ba ba su da dalilin sake yarda da kowa. Na ce in kuma 'yan bindiga suka riga su zuwa fa? Ya ce to sun tarar da shi a gida.

Na bar masa magungunan hawan jinin da na zo da su, na nuna wa maƙwabcinsa yadda ake shan su. Da safe ya rako mu har inda kabu-kabu ke tsayawa. Na durƙusa, ya dafa kaina ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Da babur ya tashi na waiwaya, na ga har ya juya ya nufi gida, don lokacin tatsa ya yi.

Hanyar Sakkwato ta yi mini tsawo. Ina zaune a bas ina ta juya abin da na gani. Na tafi da tunanin cewa ceton mutum shi ne ka ɗauke shi daga inda mutuwa take, na dawo na san akwai wanda in ka ɗauke shi daga amanarsa ka gama da shi tun kafin ajali. Na kuma ga cewa mu da muke zaune a birni muna cewa Hausawa da Fulani sun rabu, ba mu san adadin igiyoyin da tsofaffi ke riƙe da su a ƙauyuka da ransu ba. Ban ce Kawu ya yi daidai ba, har yanzu ina jin haushinsa, kuma ina tsoron duk wata waya da za ta shigo mini daga gida in na koma Kaunas. Amma na kasa cewa ya yi kuskure.

Mun shiga Sakkwato ana kiran magariba. Inna tana tsakar gida a kan tabarma. Da na yi sallama ba ni ta kalla ba, ƙofar da ke bayana ta kalla, ta daɗe tana kallo. Na zauna na ba ta labari tun daga farko har ƙarshe, ba ta katse ni ba. A ƙauyen nan aka haife ta, ba sai na yi mata bayanin haɓɓanaye ba. Da na gama ta tambaye ni sau nawa saniyar ta haihu. Na ce ɗaya. Na san shekarun take aunawa, na saniya da na yayanta. Can ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Allah shi ba ta tagwaye."

Na karanta a makaranta, na san da wuya saniya ta haifi biyu, amma in ta yi, maruƙa ukun sun cika ke nan. Na ce amin.